Ɗakin Alhaji Tanko a Yamai

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa ka sauka Yamai lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutane, wanda ya zo maka da fushi da wanda ya zo maka da fara'a. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Ba labarin gida zan ba ka ba, ba ka daɗe da baro shi ba. Magana ce da na so in yi maka baki da baki, amma na san halina, na san naka. Da na fara muryata za ta tashi, kai kuma ka sunkuyar da kai kana "to Baba, to Baba", ka tashi ba ka ji komai ba. Shi ya sa na rubuta, na ce innarka ta sa maka cikin jaka ƙarƙashin tufafi. Ka karanta kai kaɗai, ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Ranar bukin sallamar ajinku a lise na Ƙonni ka ga na zo. Na baro kamiyo da lodin siminti a bakin hanya, na sauya riga, na zauna can baya gindin dogon yaro. Na yi dariya har da hawaye sa'ad da abokinka Bashiru ya kwaikwayi mushenku, malamin lissafi, yadda yake jifa da alli yana kuskure, shi kuma mushen yana zaune a gaba yana rufe fuska da hula. Na ji kuna tuna ranar da iska ta kwashe kwanon ajinku kuka koma karatu a inuwa, da itatuwan da kuka dasa a jikin katanga awaki suka cinye rabi, da wasan ƙwallon da ka gurɗe ƙafa. Na ji daɗi ƙwarai. Waɗannan abubuwa naku ne, ba wanda ya saya muku su.

Daga nan aka ce kowa ya fito ya faɗi abin da yake son zama. A nan na daina kallonku, na koma kallon Alhaji Tanko, wanda kuka naɗa uban aji, kuke kira Tonton, shi da ya ɗinka muku riguna ya kawo lemu da kujeru. Yarinyar nan Rakiya ta ce likita, ya tafa hannu idonsa na kan salula. Bashiru ya ce zai koma ƙauyensu ya koyar a lakwal, Alhaji ko ɗaga kai bai yi ba. Wata ta ce aikin rediyo, wani ya ce injiniyan ruwa, duk yana hira da na kusa da shi. Da ka karɓi mikoro ka ce kai duwan za ka zama, aikin kaki a bakin iyaka, sai na ga ya kife salular a cinya. Ya dube ka tun daga kai har ƙafa. Ya karkata ya tambayi wani abu, aka waiwayo aka nuna masa ni. Haka ya yi wa yaron da ya ce jandarma. Sauran ajin kuwa kamar ba su yi magana ba.

Riga kowa ya samu. Ɗaki a gidansa na Yamai, mai fanka da katifa, kai kaɗai aka yi wa tayinsa. Tun ranar nake tambayar kaina dalili.

Ba ni da shaida a kansa, kuma ba zan ƙirƙira ba. Mutumin yana sahun gaba a masallaci. An ce ya gina rijiya a wani ƙauye wajen Bazaga, kuma na sha ruwanta. Amma ni direba ne, hanya ce gonata. Na san motocinsa ba su cika son kwalta ba idan sun taso daga wajen iyaka, kuma duk Ƙonni an san haka, ba a dai faɗa. Mutumin da abincinsa ke ratsawa ta gaban masu kaki, in ya fara son yaron da ke mafarkin kaki, dole uban yaron ya kasa sakin jiki.

Bari in gaya maka abin da ya sa idona ya buɗe haka. Ka san na yi tarminal, ajin ƙarshe na lise, ka san ban samu bak ba, jarrabawar fita, sauran ba ka sani ba.

A shekararmu akwai wani ɗan kasuwa a bakin tasha, ya rasu yanzu, ba zan kira sunansa ba. Muna ce masa Maigida. Yana da baranda mai faɗi a gaban kantinsa. Wata rana ya gan mu muna bita a rana, ya kira ni, don ni ne shugaban aji. Ya ce, "Ku 'yan lakwal, me ya sa kuke wahala? Ga inuwa, ga benci. Ku zo nan ku yi fadarku, shayi da sukari nawa ne."

Na koma aji ina murna kamar ni na gina barandar. Kowa ya yarda, sai mutum ɗaya, Issufu, ɗan wani mai lambu daga Badaguishiri. Shi ne kan ajinmu, ba wanda ke kama ƙafarsa. Ya ja ni gefe ya ce, "Sani, mutumin nan ba danginmu ba ne, ba ɗansa a ajinmu. Me ya sa yake ba mu shayi?"

Na yi masa dariya. Na ce, "Kai baƙauye ne, Issufu. A birni akwai masu alheri don Allah."

Ya ce, "To." Ya biyo ni.

Maigida yakan fito ya zauna da mu bayan la'asar, yana tambayarmu abin da muke son zama, yana dariya. Da Issufu ya ce aikin kaki yake so, daga ranar kofinsa ne ake fara cikawa. Ya ci bak, ya tafi Yamai yin konkur, jarrabawar shiga aikin kaki, a wani gidan Maigida na can ya sauka. A can ya ci ya sha har ya gama horo. Ranar da ya sa kaki Maigida ya yanka rago. Ni ma na ci naman, har ina cewa Issufu, "Ka gani? Da na bar ka da ƙauyancinka."

Shekaru suka wuce, na zama direba. Wata rana da rana tsaka na iso wani shinge, na tarar Issufu ne a wurin. Muka rungume juna. Ina tsaye ana duba takarduna sai ga motocin Maigida a jere, an rufe su da tampol. Issufu ya juya musu baya, ya yi kamar yana gyara igiyar takalmi, ya ɗaga hannu aka buɗe. Ba wanda ya leƙa. Da muka zauna cin shinkafa da wake a rumfar wata mata, ban tambaye shi ba, shi ya fara.

Ya ce, "Na ga ka gani."

Na ce, "Ban ga komai ba."

Ya ce, "Wallahi Sani, bai taɓa miƙo mini komai don wannan ba, ni ma ban taɓa roƙo ba. Bai ma taɓa cewa in bar motarsa ta wuce ba. Amma mutumin da na kwana ɗakinsa, matarsa ta dafa mini, ya kira ni ɗansa a gaban jama'a, da wane baki zan ce a sauke kayansa a kwance?"

Na ce, "Ka san abin da ke ciki?"

Ya ce, "Tsoron sani nake yi."

Ba a yi shekara ba aka tare motocin a wani shinge na gaba. Magunguna ne na jabu, irin waɗanda ake sayar wa mutanen ƙauye a kasuwa. Aka bi sawu aka ga ta hannun wa suka wuce. Aka tuɓe wa Issufu kaki. Da aka tambayi Maigida, cewa ya yi yara da yawa sun sha shayi a barandarsa, ba zai iya tuna kowa ba. Issufu yana Badaguishiri yanzu, yana ban ruwan albasa a lambun ubansa. In na bi ta can nakan tsaya. Bai taɓa cewa ni na kai shi ba. Buhun albasa ma yake ɗora mini, wannan ya fi yi mini ciwo.

Shi ya yi tambayar da ta dace, ni na kashe ta da dariya. Don haka, Nasiru, in wani ya yi maka alherin da ya fi ƙarfin sanayyarku, ka tambayi kanka me zai bi ta hannunka gobe da yake buƙata. Kada ka jira ya roƙe ka wani abu sannan ka gane. Irinsu ba su roƙo. Suna bari kunyarka ta yi musu aikin.

Akwai wani abu kuma da nake zargi, wannan a kanka ne, ka yi haƙuri. Yaushe ka fara son duwan? Tun kana ƙarami dabbobi ne hankalinka. Kai ne ka zauna da akuyar kakarka a Bazaga da cikinta ya kumbura, ka hana a yanka, har ta tashi. Har bara in an tambaye ka cewa kake likitan dabbobi. Sai bana, bayan an naɗa uban aji, kuna zuwa gaishe shi, na fara jin kaki a bakinka. Wataƙila ra'ayinka ne ya sauya da kansa, yaro yana da wannan dama. Aikin kuma aiki ne na mutunci, na san masu yin sa da gaskiya, na gaishe su da girmamawa a hanya. Amma ka zauna ka tuna bakin da ka fara jin maganar daga gare shi. In daga cikinka ta fito, bismillah, ina bayanka. In wani ne ya dasa maka ita yana shayar da ita da lemu, ka san da haka.

Kada kuma ka ce ai ka riga ka faɗa a gaban mutane. Nan ma na yi kuskure. Mu ma an yi mana irin wannan buki. Na fito na ce ni injiniya zan zama a luzin Malbaza, masana'antar siminti. Aka tafa, daga ranar sunana ya koma Injiniya. Sunan ya yi mini daɗi har na fara tafiya irin ta injiniyoyi, karatun kuwa na sassauta, ina shugabancin fada da shirya wasanni. Sakamako ya fito babu sunana. Kakanka ya ce in koma in sake shekara. Na ƙi. Ba don ba zan iya ba, don kada yaran da ke bayana su ga Injiniya ya dawo benci ɗaya da su. Na zaɓi in bi wani direba in koyi mota, da in ji ana kirana da sunan ana murmushi. Ga shi yau luzin ɗin nake shiga kullum, ta ƙofar masu lodi. Ban raina sana'ata ba, da ita na ciyar da ku. Amma kunyar yara ce ta zaɓa mini ita, yaran da yau ko sunayensu ban riƙe ba.

Abin da ka faɗa a mikoro ba rantsuwa ba ce. 'Yan ajinka za su watse, kowa ya kama gabansa. In ka ga hanya ba taka ba ce, ka juya. In ka faɗi jarrabawa, ka sake. Wanda zai yi maka dariya ba shi zai zauna cikin rayuwar ba.

Yanzu kada ka ɗauka cewa nake ka zargi kowa. Na gwada wannan ma, kuma ya ci ni. Bayan abin da ya samu Issufu na zama mutumin da ko gaisuwa aka tsawaita masa sai ya nemi abin da ke ƙarƙashinta. A ajinmu akwai Agali, ɗan makiyaya daga wajen Illela. Benci ɗaya muka zauna. In hutu ya ƙare yakan dawo da cuku, ya raba biyu ya ba ni rabi tun ban tambaya ba. Da na faɗi bak, shi kaɗai ya tako har gidanmu ya zauna da ni. Bayan shekaru ya zama malamin asibiti a Ƙonni. Wata safiya ya same ni ina shirin tashi da lodi, yana riƙe da buhu ɗaure. Ya ce, "Sani, ta wajenmu za ka bi. Ka ajiye wa tsohuwata wannan a bakin kasuwa, ƙanena zai karɓa."

Na dubi buhun, na dube shi. Zuciyata ta ce, ma'aikacin asibiti, buhu a ɗaure, me ya hana shi ba motar haya? Na ce, "Mene ne a ciki?"

Ya yi dariya ya ce, "Kayan tsofaffi."

Na zaro wuƙa na farke ɗaurin a gabansa, a gaban masu lodi. Turmin zane ne, da ganyen shayi, da sukari, da takalmin roba na mata. Agali ya tsaya yana kallon kayan a ƙasa. Ya durƙusa ya tattara su da kansa, ya karkaɗe zanen. Ya ce, "Ban san nan muka kai ba." Ya saɓa buhunsa ya tafi. Na je ban haƙuri daga baya, ya ce ba komai, ya ba ni ruwa na sha. Amma daga ranar gaisuwarmu ta koma ta mutanen da suka taɓa sanin juna. Har aka yi masa canji zuwa wani gari bai sallame ni ba.

Ka ga wautata. Wanda ya kamata in tambaya ban tambaye shi ba, wanda ya raba cukunsa da ni shi na zaro wa wuƙa. Saboda haka ka riƙe 'yan ajinka. Bashiru da ya riƙa ɗaukarka a keke zuwa lise lokacin da ƙafarka ke ɗaure bai san za ka zama komai ba, shi ma ba shi da komai. Irin wannan ba a sake samunsa bayan an sa kaki. Ka kira shi, ka tambayi Rakiya yadda karatunta ke tafiya, in an yi rasuwa a gidan ɗayanku ka je ko ka aika. Amma ko a cikinsu, ranar da wani ya ce maka "don Allah, don zaman aji, ka kau da kai", ka gaya masa zaman aji ne ya sa ba za ka kau da kai ba.

Sauran magana ɗaya, ita ce ta sa na ɗauki biro. Na je wurin Alhaji Tanko. Ban gaya maka ba. Bayan la'asar na same shi a ƙofar kantinsa, ya tashi ya tarbe ni da hannu biyu, ya sa aka kawo kujera. Na yi masa godiya a kan riguna da hidimar buki. Sannan na ce, "Alhaji, yara sun fi a ƙirga a ajin nan, akwai marayu, akwai waɗanda suka fi nawa ƙoƙari. Me ya sa Nasiru?"

Ya yi murmushi ya ce, "Malam Sani, ɗanka yana da kunya. Ni ina son yaro mai kunya."

Ya ci gaba ya ce, "Ai su ne manyan gobe. Mu tsufa muke yi. Wata rana a bakin hanya za mu riƙa gaisawa da su."

Na ce, "Na gode, Alhaji, amma yaron yana da gwaggo a Yamai, ƙanwata Hadiza. Can zai sauka."

Ya ce, "Madalla. Sai dai yaron ya girma, ka bari ya zaɓa da kansa." Ya faɗe ta a natse, kamar wanda ya riga ya san amsa.

Na dawo gida ina juya maganar, sai innarka ta kira ni ɗaki. Ta ce tana wanke wandonka ta ji abu a aljihu. Makulli ne sabo da ɗan zare ja. Ba na ƙofar gidan nan ba ne, na gane na ɗakin Alhaji ne. Ta mayar inda ta gan shi, ba ta ce maka komai ba. Ni ma na yi ta jira ka zo ka gaya mini, muka ci tuwo tare, ka raka ni bakin mota, ba ka faɗa ba. Ban ce ka yi ƙarya ba. Na san nauyinsa ka ji ka karɓa, nauyina ka ji ka ɓoye. Amma ka duba da kyau: tun ba ka kwana ɗakin ba, ya riga ya sa ka ɓoye wa ubanka abu. Alherin da ba ya son iyaye su sani, ni ban yarda da shi ba.

Mai yiwuwa na zalunci mutumin nan a zuciyata. In haka ne Allah ya yafe mini, kuma ba abin da ya rasa, ɗakinsa na nan, ya ba wani. In kuwa zargina gaskiya ne, abin da za ka rasa ba ya dawowa.

Ba zan yi maka ƙarya a kan gidan gwaggonka ba. Cike yake da yara, a zaure za ka shimfiɗa tabarma, babu fanka, kuma Hadiza tana da faɗa, za ta aike ka ɗibar ruwa ko kana da jarrabawa. Sai dai duk abin da ta ba ka, ba za ta tsaya a gaban shingenka wata rana tana jira ka juya baya ba.

In ka yanke shawarar mayar da makullin, kada ka kai da kanka, kada ka kira shi a salula. Ba za ka iya ba, zai yi maka magana mai daɗi ka dawo da shi a aljihu. Ka ajiye, ka ba ni. Ni zan kai masa, in ce ni na hana. Fushinsa ba zai hana ni barci ba. Rigar aji kuwa ka riƙe abinka, ka sa, ta kowa ce.

Ba zan tilasta maka ba, a nan Alhaji ya yi gaskiya, ka girma. Watan gobe in Allah ya kai mu ina da lodin Yamai. Ban san unguwar da gidan Alhaji yake ba, kuma ba zan tambaya ba. Ƙofar Hadiza zan je in tsaya in yi sallama. Abin da nake roƙon Allah shi ne muryarka ce za ta amsa mini daga zaure.

Allah ya tsare ka a zaune da tafe. Ya ba ka ilimi mai amfani, ya haɗa ka da abokan kirki, ya raba ka da hannun da ke bayarwa don ya kama. Ya sa ka ci halal ko kaɗan ce, ya dawo mana da kai lafiya da fuskar da za ka iya kallon kowa da ita. Ka riƙe salla. Ka gaida gwaggonka da maigidanta da yara.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Sani
Malbaza